Asibitin Mazaɓarmu Ba Likita, Malaman Asibiti Ke Ba da Maganin Hawan Jini: Adalci Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ne sakataren kwamitin lafiya na mazaɓarmu. Asibitinmu bai taɓa samun likita na dindindin ba. Muna da malaman asibiti biyu masu takardar CHEW, wato ta ma'aikatan lafiyar al'umma, da ungozomar asibiti guda, da yaro mai yankar kati. Kwanan baya aka tura malaman kwas, suka dawo suka fara auna hawan jini suna ɗora mutane a kan magani da kansu. Dattawa na ta ƙorafi cewa mutanen birni likita ke duba su, mu kuwa an haɗa mu da ƙananan ma'aikata don an ga ba mu da gata. Shin babu haɗari a ciki? Kuma wannan adalci ne, ko rufa-ido?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka maka da alheri a kan hidimar jama'a.

Malamar asibitin da aka horar, wadda take da rubutacciyar ƙa'ida a kan teburinta, da na'urar awo mai kyau, da magani a kabad, da likitan da zai ɗauki wayarta idan ta kira, za ta iya riƙe mafi yawan masu hawan jini na mazaɓarku lafiya ƙalau. Sau da yawa ma takan fi babban asibitin birni riƙe su, don dalilan da zan kawo. Sai dai abubuwan nan da na jero kowanne da nauyinsa. Idan aka zare biyu daga ciki, aka bar ta ita kaɗai da abin awo da fatar baki, to dattawanku sun yi gaskiya, an yi muku rufa-ido. Abin da ya kamata kwamitinku ya bincika shi ne ko akwai wasu a bayanta, kuma ko kowannensu ya san nasa aikin.

Dattawa na kwatanta sabon tsarin da likitan birni, amma kafin a tura ma'aikatanku kwas, ba likita ke duba mai hawan jini a ƙauyenku ba. Ɗauki dattijuwa mai shekara hamsin da ɗoriya da ke fama da ciwon ƙeya da jiri. Takan aiki jikanta kemis ya sayo mata maganin ciwon jiki, galibi irin su diclofenac, wanda shi kansa yana ƙara hawan jinin kuma yana taɓa ƙoda. In abin ya matsa, a nemo kuɗin mota na mutum biyu, don ba za ta tafi ba ɗan rakiya ba. Su isa babban asibiti da hantsi, su yanki kati, su bi layi har azahar. Likitan da tun safe bai miƙe daga kujera ba ya ba ta minti uku, ya rubuta maganin wata guda, ya ce ta dawo. Ranar dawowar ta faɗo tsakiyar shuka, kuɗin motar ya ninka kuɗin maganin, ciwon kan ma ya lafa. Shi ke nan. Bayan shekara biyu, wata asuba ta ɗauki buta za ta yi alwala, butar ta suɓuce, baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu. Mutan gida su ce iska ce ta buge ta, ko jifa aka yi mata. Likitan da ya duba ta bai yi kuskure ko ɗaya a takardarsa ba. A duk tsarin ne babu wanda aikinsa shi ne ya lura ba ta dawo ba.

Giɓin da ke tsakanin masu gata da marasa shi a bayyane yake a alƙaluma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma yara 187 cikin kowane 1,000 ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, a Kudu maso Yamma kuwa 62. A jihar Kebbi 252 ne, a Ogun 30. Likitocin Najeriya ba su wuce kimanin 4 ga kowane mutum 10,000 ba, mafi yawansu suna manyan birane, kuma kowace shekara wasu na ficewa Ingila da Saudiyya da Kanada. Ga shi kusan ɗaya cikin kowane manya uku a ƙasar nan na da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba. Ko yau aka ninka makarantun likitanci, yaron da ya shiga bana sai ya yi shekara shida kafin ya fito, sannan ga horon asibiti, ga bautar ƙasa. Wanda ya ce a jira likita ya zo kowace mazaɓa kafin a fara ba da maganin hawan jini, a aikace cewa ya yi a bar mutanen karkara na wannan zamani su yi ta shanyewa. Ni ba zan iya kiran wannan adalci ba.

Abin da ya sa hawan jini ya dace da rabon aiki tsakanin likita da sauran ma'aikatan lafiya shi ne yanayin ciwon kansa. Riƙe shi ake yi har ƙarshen rai, kuma riƙon maimaici ne: a auna daidai, a rubuta, a ba da magani, a sake aunawa bayan wata guda, a ƙara in bai sauka ba, a nemo wanda ya ɓace. Wuraren da ake buƙatar zurfin ilimin likita a ciki kaɗan ne, ko da yake masu muhimmanci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara wannan a wani tsari da ake kira HEARTS, kuma aikin haɗin gwiwa na cikin ginshiƙansa shida. A kansa Najeriya ta gina ƙa'idarta mai shafi guda. Babban mutum da aka auna a ranaku daban-daban aka samu, cikin lambobi biyun da na'urar awo ke nunawa, lambar sama ta kai 140, ko lambar ƙasa ta kai 90, ana fara masa da amlodipine miligiram 5. Bayan wata guda in bai sauka ba, a haɗa masa da losartan miligiram 50. In har yanzu yana sama, a ninka su biyun. In ya ƙi, a ƙara hydrochlorothiazide. In duk da haka ya ƙi, a tura wa likita. Malamar asibiti ba ta ƙirƙiro komai daga kanta, matakai take bi waɗanda ƙwararrun likitoci suka zauna suka amince da su. Na kawo sunayen magungunan ne don kwamiti ya san abin da zai nema a kabad, kada wani ya ɗauka ya je kemis ya ɗora kansa a kai.

Bin rubutacciyar ƙa'ida kuma ba baƙon abu ba ne ga mai takardar CHEW. Shekara uku yake yi a makarantar koyon aikin lafiya, kuma a kan littafin umarnin da suke kira Standing Orders aka raine shi. Tun 2014 Najeriya ke da manufar rabon aiki a rubuce, wadda ta halatta wa irin waɗannan ma'aikata, bayan ƙarin horo, ayyukan da a da sai nas ko likita, musamman a fannin haihuwa da jarirai da tazarar iyali.

An gwada irin wannan tsari a wurare da dama, kuma gwajin da ya fi tsaya mini a rai a Amurka aka yi shi, ƙasar da ba ta da ƙarancin likitoci irin namu amma take da mutanen da asibiti bai kai gare su ba. Maza baƙaƙen fata a can hawan jini na yi musu ɓarna fiye da kowa, kuma ba su cika zuwa asibiti ba. Sai masu bincike suka shiga shagunan aski 52 a Los Angeles, suka raba su gida biyu. A kashi na farko, mai aski ya riƙa yi wa abokan cinikinsa nasiha su gyara cin abinci su je su ga likita. A kashi na biyu, mai askin ya haɗa su da ƙwararren mai haɗa magunguna da ke zuwa shagon, yana auna su a nan, yana rubuta magani yana ƙarawa bisa yarjejeniya da likitocinsu. Sakamakon ya fito a 2018. Bayan wata shida, lambar sama ta masu nasiha kaɗai ta sauka da kimanin 9, ta ɗaya kashin kuwa da 27. Kusan 64 cikin 100 na kashi na biyu jininsu ya koma ƙasa da 130 bisa 80, a na farko kusan 12. Abu uku ne suka haɗu: mutumin da jama'a suka yarda da shi, da mai ikon ba da magani nan take, da likita a bayansu. Faɗakarwa ita kaɗai ta yi amfani, amma ɗan kaɗan. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ga an kafa rumfar awo kyauta a bakin kasuwa, an auna jama'a yini guda, an ce wa masu hawan jini "ku je asibiti", an naɗe rumfa an tafi.

A arewacin Kalifoniya, asibitocin Kaiser Permanente sun ɗaga adadin masu hawan jinin da jininsu ya daidaita daga 44 cikin 100 a 2001 zuwa 80 a 2009, da rajista guda, da ƙa'ida guda, da ƙananan ma'aikata masu sake awo ba sai an ga likita ba. In ka ce waɗannan masu kuɗi ne, an gwada a ƙauyukan Bangladesh da Pakistan da Sri Lanka, inda ma'aikatan lafiya na gwamnati ke bi gida-gida suna awo suna haɗa mutane da likitocin da aka horar. Bayan shekara biyu lambar sama ta fi sauka da kimanin 5 a ƙauyukan da aka yi haka. Biyar kamar ba yawa, amma in aka shimfiɗa ta a kan gari guda, gidaje da dama ne aka tsare daga jinyar shanyayye. A nan gida, a 2020 Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka fara gudanar da wannan tsari a asibitocin matakin farko 60 a Babban Birnin Tarayya, kuma a shekarar aka fara makamancinsa a Kano da Ogun. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna haka a fannin yara: da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye da ma'aikatan da ba likitoci ba ke riƙe da su, da kulawa kyauta ga 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2006, da gidan sauro da rigakafi, mutuwar yara ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009.

To yaya ya kamata abin ya kasance a asibitinku? A gayyar noma, in ba a nuna wa kowa kunyoyin da zai bi ba, za a tashi da yamma a tarar wani gefen an nome shi sau biyu, wani kuwa ko fartanya ba ta taɓa shi ba. Haka yake a nan.

Yaronku mai yankar kati, in an koya masa, shi ne zai auna duk babban da ya shigo, ko ciwon ƙafa ya kawo shi, ko rakiya ya yi. Awon yana da ladubba, kuma a nan ne kuskure ya fi yawa. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirji, ba ya magana. A naɗe hannun riga, kada a ɗaura a kan babbar riga ko hijabi. Maɗaurin ya dace da kaurin damtse, domin ƙaramin maɗauri a babban hannu yakan nuna jini ya hau alhali bai kai haka ba. Wanda ya tako daga nesa cikin rana, ko yanzu ya tauna goro, a ba shi lokaci. A auna sau biyu. Ka shiga wata safiya ka zauna a gefe ka ga ko haka ake yi. Wannan ba ya buƙatar ka zama ma'aikacin lafiya.

Malamar CHEW ita ke tabbatar da ciwon, ta fara magani, ta hau mataki na gaba in lokacinsa ya yi. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne tsoron ƙarawa: a bar mutum wata takwas a kan matakin farko jininsa na 160, ana ce masa ya rage tunani. Ɗaya malamin ya riƙe kabad, ya ƙidaya magani duk mako, ya nemi sabo tun saura na wata biyu. Wanda jininsa ya daidaita a ba shi na wata uku a tashi ɗaya, a rage masa kuɗin acaɓa.

Sai aikin da a ganina ya fi kowanne, kuma shi aka fi mantawa da shi. Kowane mai hawan jini ya zama yana da kati a asibiti, a samu kwali biyu. Wanda ya zo wannan watan, a ɗauke katinsa daga kwali na farko a sa a na biyu. Ƙarshen wata, katunan da suka rage a kwalin farko su ne mutanen da ba su dawo ba. Waɗannan sunaye za a miƙa wa mata masu bi gida-gida, irin waɗanda hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa ta fara ɗauka a shirinta na CHIPS a 2018. 'Yar unguwa ce, ta san gidan, za ta yi sallama ta shiga har ɗaki, inda namiji ma'aikaci zai tsaya a zaure. Mun riga mun ga ƙarfin wannan a yaƙin shan-inna. Alli a bangon gida, tawada a yatsan yaro, jerin gidajen da ba a samu yaran ba a koma gobe, da hakimai da dagatai da limamai a gaba: da wannan aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, wadda ake kira ta daji, a 2020.

In ta shiga gidan, dalilan da za ta ji sanannu ne, kuma kowanne da amsarsa. Wata za ta ce ƙafarta ta kumbura sai ta daina. Amlodipine kan yi haka ga wasu, ana iya gyara mata magani. Wani zai ce an gaya masa in ka fara ba ka dainawa. Gaskiya ne, kuma gara a faɗa masa tun ranar farko, a kuma gaya masa cewa jin sauƙi alamar maganin na aiki ne. Wani magidancin yana tsoron maganin zai rage masa ƙarfi a wajen iyali, ba zai taɓa faɗa wa mace wannan ba, sai malamin asibiti namiji ya keɓe da shi. Da azumi mutane da yawa kan ajiye magani gaba ɗaya, alhali sau ɗaya ake shan waɗannan a yini, ana iya mayar da su sahur ko bayan shan ruwa. Maganar gishiri kuwa, gaya wa maigida shi kaɗai ɓata baki ne, don ba shi ke riƙe da ludayi ba. Mai girki ce za ta ji cewa duk gishirin da babba ke buƙata a yini bai kai cikin cokalin shayi ɗaya ba, kuma magi da kanwa da yaji duk suna cikin lissafin.

Mai kemis ma kada ku mai da shi abokin gaba, domin shi ne farkon wanda marar lafiya ke gani. Ku kira shi zama. Ya daina bai wa mai hawan jini diclofenac da ibuprofen barkatai, ya turo duk mai yawan sayen maganin ciwon kai a auna shi.

Likita kuwa yana nan a cikin tsarin, matsayinsa ne ya sauya. Maimakon ya ga kowa minti uku, sai ya ga kaɗan ɗin da suka gagari ƙa'ida, ya ba su lokacin da ya dace. Ya kamata a ce akwai likita a matakin ƙaramar hukuma ko babban asibitin yankinku da ya san sunan malamanku, yana ɗaukar wayarsu, yana zuwa aƙalla sau ɗaya a wata ya buɗe katunan nan ya ce wannan a ƙara masa, wannan a turo mini shi. In an tura masa mutum, ya dawo da takardar da ke bayyana abin da aka samu da abin da za a ci gaba da yi. Turawar da ba ta dawowa da takarda ita ke sa mutane ɓacewa tsakanin asibiti biyu.

Ka yi tambaya a kan haɗari. Akwai shi, kuma an san wurarensa. Wanda lambar sama ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 110, wannan na likita ne. In kuma akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko gani dishi-dishi, ko nauyin harshe, ko hannu ya mutu, to mota za a nema nan take. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa shanyewa, da matashin da jininsa ya hau sosai, duk likita ne zai tsara musu magani, sannan malamanku su ci gaba da bibiya.

Mafi girman haɗarin yana wajen mata masu haihuwa. Losartan na cutar da ɗan tayi. Dole a tambayi duk macen da ba ta daina haila ba ko tana da ciki ko tana neman samu kafin a ba ta shi. Mai ciki ba ta cikin ƙa'idar da na zayyana a sama kwata-kwata. Wajen ungozoma za ta, a auna jininta a kowane awon ciki, a gwada fitsarinta, in akwai buƙata a ba ta irin su methyldopa ko nifedipine. Hawan jini ga mai ciki, tare da ciwon kai mai tsanani ko kumburin fuska, shi ne ƙofar jijjiga, wadda ke cikin manyan masu kashe mata a Arewa. Maganinta allurar magnesium sulphate ce, mai araha. A 2008 aka shigar da ita manyan asibitoci 10 a jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi a kan ƙa'ida guda mai sauƙi, mutuwar masu jijjiga ta sauka daga kusan 21 cikin 100 zuwa kusan 2. Ku tabbata akwai ta a asibitinku, kuma ma'aikatanku sun iya yin allurar farko kafin a sa mace a mota. Motar ma a san ta wane ne tun kafin dare ya yi. A Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, na ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Ko babu shirin a wajenku, kwamiti zai iya zama da shugaban tasha a rubuta lambar direba biyu ko uku a bangon asibiti, a ware kuɗin mai.

Yanzu ga inda nake tare da dattawanku. Na shiga wani asibitin ƙauye wajen aikin duba, na tarar da ma'aikaci guda, shi ne na safe shi ne na dare. An kai shi kwas, an ba shi na'ura da babbar rajista. Na'urar na cikin aljihun tebur, batirinta ya mutu. Rajistar cike da sunaye a layin zuwan farko, layin zuwa na biyu fari fat. Maganin da aka kawo da farko ya ƙare, sai ya koma rubuta wa mutane su saya a kasuwa. Babu wanda ya zo duba aikinsa tun ranar da aka raba takardun shaida. A rahoto wannan asibiti na cikin masu aikin haɗin gwiwa, a zahiri kuwa an ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum biyar an juya masa baya. Wannan ne zaluncin, a kan jama'a da kuma a kan ma'aikacin.

Haka nan matan da ke bi gida-gida. Ba daidai ba ne a gina lafiyar talakawa a kan guminsu a ce su yi don lada, shekara da shekaru, alhali duk wanda ke samansu na karɓar albashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2018 cewa a riƙa biyan irin waɗannan ma'aikata daidai da aikinsu. In ba a biya ba, mafi ƙwazonsu ke fara tafiya.

Wasu abokan aikina likitoci ba sa son wannan tsari. Hujjarsu ita ce in ka ba ƙaramin ma'aikaci izinin rubuta magani, gobe zai buɗe ɗaki a bayan gari yana kiran kansa dakta, har yana yin tiyata. Abin yana faruwa, ba ƙarya suke yi ba. Amma inda ya fi faruwa shi ne inda babu mai dubawa, kuma babu iyaka a rubuce. Ma'aikacin da ya san ga inda aikinsa ya tsaya, ya san in ya kira za a ɗauka ba tare da an wulaƙanta shi ba, shi ne ya fi saurin cewa wannan ya fi ƙarfina.

Saura kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita, kuma ciwon da ake saya wa magani kowane wata shi ne ya fi saurin kayar da talaka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso na tafiya kai tsaye asusun asibitocin mazaɓu da aka zaɓa, wani na biya wa marasa ƙarfi inshora ta hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi. Ku bincika ko asibitinku na ciki. In yana ciki, kwamitinku na da bakin magana a kan yadda ake kashe kuɗin, kuma batir da maɗaurin awo babba da katin waya na bibiya ba su da tsada. Ku kuma sa ido a kan waɗanda ake rubutawa a jerin marasa ƙarfi, domin a nan ne 'yan uwan masu faɗa a ji kan cinye gurbin gwauraye da tsofaffi.

A taronku na wata-wata, ku nemi shugaban asibiti ya kawo amsar tambaya uku a rubuce: mutum nawa ke cikin rajista, nawa suka dawo a wata ukun da suka wuce, kuma cikin waɗanda suka dawo nawa ne jininsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. Sannan ku buɗe rajistar ku bi layin adireshi da yatsa. In kusan duk sunayen na cikin gari ne, na kusa da gidan dagaci da bakin kasuwa, to giɓin da kuke kuka da shi tsakaninku da birni kun sake gina shi a cikin mazaɓarku. Ku ƙidaya mata nawa ne, mutum nawa daga ƙauyukan ƙetaren rafi, nawa daga rugage. Inda kuka ga babu kowa, can za a kai awo: malami ɗaya da 'yar bi-gida ɗaya, da na'ura da magani da katuna a jaka, a rana tsayayya kowane wata, a sanar ta bakin mai unguwa ko arɗo. Da damina, kafin rafi ya cika ya raba ku, a ba mutanen ƙetare maganin wata uku.